Bunyaminu Mai Tada Kango

Idan aka ɗauke ruwan sama a Bagudo, kowa gona yake nufa da fartanya a kafaɗa. Bunyaminu kuwa kangaye yake bi. Sai ya naɗe ƙafar wando, ya shiga gidajen da masu su suka mutu ko suka yi ƙaura, ya tsaya cikin tafasa da rai-ɗore yana kallon inda ruwa ya kwanta da inda ya gudu. Yakan ce da rani kowane bango kyau gare shi, sai ya jiƙe ake gane wanda zai tsaya. Mutane sun daɗe suna yi masa kallon mai taɓin hankali kafin su gane sana'a ce yake yi.

Ya rasu bara da bazara, lokacin sanƙarau. Ni sunana Ma'azu, tela ne, rumfata tana bakin kasuwa ta wajen masu kifi. Karatuna bai wuce elementare ba, ban kuma saba rubuta abin da ya fi awon riga tsawo ba. Amma tun ranar da muka dawo daga maƙabarta labarinsa yake damuna a ƙirji, na ga in ban zube shi ba ba zan huta ba. Aminina ne. Ba ni da wani kamarsa, ba na kuma sa ran samu.

Mutumin Kende ne. Kakansa Babarbare ne mai fataucin kanwa, ya zo wucewa ya ga mace ya zauna. Bunyaminu ya koyi gini a hannun kawunsa, ya zo Bagudo yana saurayi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa duk faso saboda ƙasa, kuma idan yana dariya ba ka jin sauti, sai dai ka ga kafaɗunsa suna rawa. Da la'asar, in ya wanke jiki, rumfata yake zuwa. Kekena na hannu ne, sai ya zauna yana juya mini shi, ni ina tura yadi, muna hira. Shekaru muka yi haka. Har yau in na kama hannun keken nan da kaina sai in ji kamar na ɗauki abin wani.

Shi da ya gyara ɗakunan rabin garin nan, bai mallaki ko ɗaya ba. A ɗakin aro ya yi aure, a ɗakin aro aka haifi 'yarsa Fadimatu. Matarsa Asama'u ba mai yawan roƙo ba ce. Abu ɗaya ta nema a wajensa tun tana amarya: gidan da za ta kafa murhu, ba wanda zai sake ce mata ta tashi.

Ana saura kamar shekara guda a ba mu mulkin kai, garin ya fara canzawa. Ana turo ma'aikata, malaman makaranta da na gona da masu tsaron iyaka. 'Yan kasuwar da suka daɗe a Dahome da Gwanja suna dawowa gida da iyali. Kowa yana neman inda zai sa kai, ba kuma wanda yake da haƙurin jiran a buga tubali a tada gida daga tushe. Bunyaminu ya lura da wannan. Ya kuma san kangayen garin ɗaya bayan ɗaya. A wajenmu ba ƙasa ake saya ba, ƙasa tana hannun mai gari. Bango ake saya da azara da ƙyaure, magada su karɓi abin da ya samu, a kai wa mai gari goro ya sa albarka. Kango ba ya tsada. Amma ko mai arhar sai da kuɗi, shi kuwa ladan yini yake ci.

A rumfata ya haɗu da Hamma. Hamma Bafillace ne, rugarsu tana wajen Sharabi, dogo siriri mai magana a hankali. Shekarar nan ya sayar da bajimai kafin masu jangali su zo ƙidaya, kuɗin suka zame masa kaya. Ya ce mini ya rasa inda zai sa su, takarda ba ta cin ciyawa, ba ta haihuwa, ga gara tana sonta. Na ce ya dawo ran kasuwa mai zuwa da la'asar.

Da ya dawo ya ji asalin Bunyaminu, tun bai zauna ba ya fara.

"Ashe bawana ne. Kai Babarbare, Tela ya ce rusasshen gida kaka son saye. Mutane na sayen abin da ke tsaye, kai kana biɗar abin da yaf faɗi. Haka kakanninka sunka yi ta yi har munka mallake su."

"Ku da ba ku taɓa kwana ƙarƙashin abin da ya fi kara nauyi ba," in ji Bunyaminu, "mi kunka sani ga gida? Zauna, in koya ma."

Suka yi ta yi har na ce ko dai a yi maganar da ta tara mu, ko kuwa a juya mini keke. Bunyaminu ya faɗi abin da yake so. Hamma ya kawo kuɗi, shi ya kawo hannu. A sayi kango da kaka, a gyara da rani, in an sayar a fid da uwar kuɗi a mayar wa Hamma, abin da ya hau a raba biyu.

Hamma ya girgiza kai. "A raba biyu? Ana raba ɗan maraƙi biyu? Wa za ya ɗauki kai, wa za ya ɗauki wutsiya?"

Ya ce shi yadda ya taras ubansa yana yi, in an ba mutum saniya kiwo, ɗan fari na mai kiwo ne, na biyu na mai saniya, haka bi da bi. Uwar tana nan ta mai ita. In kuwa ta mutu ba da sakaci ba, Allah ya karɓi abinsa, ba a bin kowa.

"Kuɗina su ne saniya," ya ce. "Abin da gidan farko ya haifa naka ne duka, ba ni taɓa ko anini. Na biyu nawa ne duka. In ka yarda, ka yarda."

Bunyaminu ya ji daɗin wannan magana, don shi ma ba mai son lissafi ba ne. Muka ɗunguma gidan Liman Attahiru domin ya shaida. Liman tsoho ne mai sanyin hali. Ya saurare su har ƙarshe, sannan ya ce a littafi ba haka ake yi ba. Kowace riba ana raba ta bisa kason da aka yarda, rabi ko sulusi, domin kowa ya ɗanɗana daɗi da ɗaci tare.

"Maruƙa kusan kansu ɗaya," ya ce. "Gidaje ba haka suke ba. Wata shekara ɗayanku zai yi dariya, ɗayan ya yi shiru."

"Allah gafarta Malam," in ji Hamma, "ni rabi ban iya ba. Bi da bi na iya."

Liman ya dubi Bunyaminu, Bunyaminu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Liman ya ce to, shi ba zai ɗaura wannan ba, amma in sun yafe wa juna tun yanzu, zai roƙa musu Allah ya sa albarka. Aka yi addu'a, aka raba goro, muka tashi.

Yadda yake aikinsa kuwa, kafin ya taya kango sai ya bi tsofaffin matan unguwar da ɗan goro, ya tambaye su ko an binne wani a ciki, kuma a ina. In akwai, sai ya kewaye wurin da ɗan gajeren bango, ya kuma gaya wa mai saye tun kafin a yi ciniki. Ɗaki ɗaya yake fara rufewa, ya kwaso iyalinsa su shiga, sannan ya bi sauran a hankali. Kuma ba ya sayar da gida sai ya yi damina guda cur a ciki. Ko ka zo da kuɗi a hannu, ko ka ƙara masa, sai ya ce ka jira ruwa ya gama magana. Saboda haka gida ɗaya yake yi a shekara, kuma saboda haka ne mutane suka yarda da gidajensa.

Gaskiyar maganar, ba shi yake tsaron ruwan ba. Shi in hadari ya taso barci yake ji, ko da tsakar rana ne. Asama'u ce take bin ɗakuna da gawayi a hannu, duk inda ta ga ɗigo ko danshi ta zana masa alama a bango. In gari ya washe ya hau soro ya bi alamunta. Wata rana na ce masa ai ita ce maginin, shi lebura ne. Ya ce in rufa masa asiri kada Bafillace ya ji, ya ce da ita zai yi ciniki.

Da kaka kuma sai a sayar, a ɗaure kaya. Ni nake ɗaukar mata tukunyar ruwa, don ba ta yarda a ɗora ta a jaki. Kowane gida sai ta dasa lalle a bakin wurin wanke-wanke, yana fara kai wa gwiwa za a tashi, wata mace ta zo ta tsinka. Ran wata ƙaura ta tsaya daga cikin zaure ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Malam Ma'azu, ka gaya ma abokinka ni ba Bafillata ba ce. Su matan Hamma ma suna komawa mashekarinsu na bara. Ni ko ban taɓa komawa inda na baro ba."

"Gaya mata saura kaɗan," in ji shi, yana ɗaure tabarmi.

"Gaya mai bara ma haka yac ce."

Abin da Liman ya hango kuwa shi ya faru. Gidan farko, rabon Bunyaminu, wani masunci ya saya a watan da aka sauke tutar Ingila, ribar ba ta taka kara ta karya ba, jaki ya saya da ita da kayan aiki. Na biyu, rabon Hamma, malamin asibiti ya ɗauka ba tare da ya ko yi tayi ba. Na uku ya faɗo kan Bunyaminu, ashe gara ta cinye azarar ta ciki ta bar fatar waje, sai da ya tafi bakin gulbi ya sayo giginya aka faskara sabuwa, abin da ya rage bayan an fid da uwar kuɗi bai wuce na hatsi ba. Na huɗu kuma wani mai fataucin goro ya saye shi da daraja, rabon Hamma.

Ranar da aka ba shi ribar nan Hamma bai yi wasa ba. Ya zauna a rumfata yana jujjuya sandarsa, can ya ce, "Babarbare, Malam ya yi gaskiya. Mu koma ga rabin nan nashi. Mu fara da wanga."

"A'a."

"Ina jin kunyar matarka."

"Ka ji kunyar shanunka da ba ka yi musu wanka," in ji Bunyaminu. "Da rabona ne yay yi ƙiba, kai za ka karɓi rabi?"

Hamma ya ci gaba da jujjuya sandarsa.

"To ka gani. Riƙe abinka. Mai zuwa nawa ne, kuma na riga na gan shi."

Ya kuwa gan shi. Kangon wani tsohon falke ne a bakin sabuwar hanya, dab da kasuwa, bangonsa mai kauri, zaurensa yana kallon titi. Tun ba a gama ciniki da magada ba, Alhaji Ɗanmusa, wanda ya dawo daga Dahome da niyyar buɗe kanti, ya ce shi zai saya. Bunyaminu ya san wannan karon ribar za ta isa. Akwai wani ɗan kango a yamma da gari kusa da rijiya, ya je ya ba magadan goro su ajiye masa. Ya kai Asama'u ta gani. Ita ta gaya mini daga baya cewa ya ce mata, "Wanga ba na sayarwa ba ne." Ta ce ba ta amsa masa ba, don tana tsoron ta yi murna.

Suka shiga gidan bakin hanya, a lokacin tana goyon namiji. Ya ɗauko Lauwali, wani magini na Sharabi wanda ya taɓa koyo a hannunsa, suka tada bangaye, suka rufe ɗaki biyu. Saura babban ɗaki da zaure da shagon Alhaji, an tara azara a tsakar gida. A nan ciwo ya same shi. Yana kan bango ya ce wuyansa ya riƙe, ya sauko da ƙafarsa. Muka kai shi ɗakin magani, aka yi abin da za a iya, muka dawo da shi. Ina riƙe da kansa a cinyata, in hankalinsa ya dawo sai ya yi maganar aiki. Ya ce in gaya wa Lauwali kada ya jera azara da tazara don ya ga ba ya nan. Ya ce in ba jakin ruwa. Da hantsi ya cika. Ni na rufe masa ido, ban san hannuna zai iya ba.

Hamma ya zo gaisuwa, ya zauna a gefe yana addu'a. Shi ma shekarar ba ta yi masa kyau ba. Ciwon bushiya ya shiga garkensu ya kashe fiye da rabi, danginsa suka yanke shawarar su ƙetare Kwara su nufi Dahome tun ruwan gulbi yana ƙasa, kafin damina ta sauka. Suna bukatar kuɗi su sayi karsana a can su tada garke. Bajiman da aka sayar tun farko kuwa na gādo ne, ƙanensa Sambo yana da haƙƙi a ciki.

Bayan sadakar bakwai aka taru a zauren Liman. Ni na zauna a madadin Asama'u, tana takaba a ɗaya daga ɗakunan da aka rufe. Alhaji Ɗanmusa ya aiko cewa zai karɓi gidan yadda yake, ya biya abin da aka kashe, ya nemi maginansa. Wato Hamma ya sami uwar kuɗinsa, riba babu. Sambo ya ce haka za a yi. Ban ga laifinsa ba, yana da 'ya'ya, kuma na ga yadda shanunsu suka koma.

Na tambayi Liman abin da marayu za su samu. Ya ce tun farko ya faɗa cewa ƙullin bai yi daidai da littafi ba, don haka abin da shari'a za ta tsaya musu a kai shi ne ladan aikin da mamacin ya yi a wannan gida, sai kuma haƙƙin matar na ta ƙare takabarta inda mijinta ya bar ta. Na yi lissafi a zuci, ladan nan ba zai sayi ko ƙyauren kangon rijiya ba. Daga takaba sai Kende, ɗakin aro a gidan yayan mijinta.

Hamma ya ce yana so ya ga gidan tukuna. Muka tafi mu uku, ni da shi da Sambo. Bai taɓa shiga gidan da Bunyaminu yake gyarawa ba, yakan ce soro yana danne masa numfashi. Ran nan ya shiga. Ya tsaya a tsakiyar babban ɗakin da ba rufi, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya dafa bango inda sawun yatsun Bunyaminu ya bushe a jikin yaɓe. Ya dubi tarin azara.

"Tela, wanga aikin ya kai ina?"

Na ce ya wuce rabi.

"Ciki ya tsufa ke nan." Ya juya wajen ƙanensa. "Sambo, ka tuna saniyar da Baffa ya ba wani mutum can Kende kiwo muna yara, mutumin ya mutu tana da ciki? Mun koro ta?"

"Hamma, waccan saniya ce. Wanga ƙasa ce da itace."

"Mun koro ta?"

"Ba mu koro ta ba. Amma lokacin muna da shanu."

"Can ta haihu, munka bar ma marayu ɗan, sannan munka ɗauko uwar. Ni haka na iya. Da yana raye na ci nawa har sau biyu, masu ƙiba. Yanzu da ba ya iya buɗe baki in ce littafi?"

Sambo ya ce shi bai ci komai ba, kuma ba da yawunsa aka yi wannan ciniki ba. Suka koma Fillanci, murya ƙasa-ƙasa, ban ji abin da suke faɗi ba, amma na ga jijiyar wuyan Sambo ta tashi. Daga ƙarshe Hamma ya ce mini sun daidaita. Ya bar wa Sambo karsana biyu daga cikin 'yan nasa da suka tsira, a madadin haƙƙinsa. Na san abin da karsana biyu suke nufi ga wanda garkensa ya ƙare. Na buɗe baki zan yi godiya, ya ɗaga mini hannu.

"Kada ka fara. Bawana ne, ni ke da ɗaukar kayansa."

Yana faɗi ya ja rawani ya rufe baki, ya fita.

Da muka koma muka gaya wa Liman, ya ce dukiyarsa ce, in ya bari ba mai hana shi, Allah ya mayar masa da alheri. Aka aika wa Alhaji cewa gida sai kaka, kamar yadda aka yi da mamaci. Bai ji daɗi ba, amma ya ce zai jira.

Na raka su Hamma bakin Kwara ranar da za su ƙetare. Mata da maruƙa a cikin jirage, manyan shanu suna iyo, sai ƙaho da hanci kake gani. Garken ya yi ƙanƙanta har ban so in kalla ba. Hamma ya ce in an sayar a ajiye kuɗinsa wajen Liman, zai zo in Allah ya yarda.

Saura aiki, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Lauwali ya ce shi kaɗai ba zai iya ba. Na rufe rumfa na bi gidajen da Bunyaminu ya sayar. Masuncin nan ya zo da 'yan'uwansa, mai goro ya aiko da leburori, malamin asibiti ya biya kuɗin ruwan kwaɓi. Ni da ban taɓa riƙe abin da ya fi almakashi nauyi ba, na yi ta miƙa ƙasa har bayana ya ƙi miƙewa. Ina tsaye a kan Lauwali ina ce masa ya matse azara, har ya gaji ya ce, "Baba Tela, na ji saƙon, ko kabari ka kai ni na ji shi." Duk da haka ruwan farko ya riga mu. Ya sami rufin shagon bai bushe ba, gefe guda ya zauna, sai da aka kwashe aka sake.

Asama'u ta yi takabarta cikin damina a gidan. Ba wanda ya sa ta, amma in ruwa ya ɗauke sai ta aiko Fadimatu ta ce a gaya wa Lauwali akwai alama a ɗaki kaza. Shi kuwa ya zo ya hau. Wata rana na je kai musu hatsi, muka gaisa ta bayan zana. Ta ce, "Malam Ma'azu, jiya na zana alama na juyo in ce mai ya tashi." Na ajiye hatsin na fito.

Da kaka Alhaji ya zo ya zagaya. Ya ce gida ya yi, amma rufin ba hannun Bunyaminu ba ne, don haka ba zai biya abin da ya ambata da fari ba. Muka yi ta ja, Liman ya sa baki, aka tsaya a tsakiya. Da aka fid da na Hamma, abin da ya rage ya sayi kangon rijiya, ya rufe ɗaki biyu da kewaye. Zaure bai samu ba, zana aka kafa a ƙofa.

Hamma ya zo da sanyi, shi kaɗai, a ƙasa, ya rame. Ya tsaya a bakin rumfata, ko sallama bai gama ba ya ce, "Ta haihu?"

Na ce ta haihu, amma ɗan ƙarami ne.

"Yana tsaye da ƙafarsa?"

Na ce yana tsaye.

Ya ce alhamdu lillahi. Ya karɓi kuɗinsa wajen Liman, na kai shi maƙabarta ya yi addu'a, ya bar wa marayu ƙwaryar man shanu. Na ce ya zo ya ga gidan, ya ce a'a, kada matar ta ga kamar ya zo karɓar godiya. Ya kwana a rumfata, da safe ya koma.

Ran Alhamis da ta wuce Asama'u ta yi daɓe. Duk gidajen da ta zauna ba ta taɓa yin na kirki ba, shafe kawai take yi, tunda na tashi ne. Wannan karon ta sa aka kawo tsakuwa daga bakin gulbi, ta jiƙa makuba, ɓawon ɗorawa mai sa daɓe ƙarfi, tun kwana biyu kafin ranar, ta gayyaci matan unguwa. Na je da niyyar in tambaya ko suna bukatar wani abu, amma wurin mata ne, na tsaya daga bakin rijiya. Ina jin madaɓai suna sauka tare, tim, tim, suna waƙa, wata tana tsokanar wata wai hannunta ba ƙarfi. Can na ji muryar Asama'u a sama da ta kowa, tana cewa su ƙara bugun wajen bakin ƙofa, nan ne ƙafa za ta fi ci, kuma ita ba ta son ta sake wannan aiki nan kusa.

Na daɗe a tsaye. Wata tsohuwa ta zo ɗiban ruwa ta ce, "Tela, lafiya kake kuka a bakin rijiya?" Na ce lafiya lau, Inna. Na karɓi gugan na ɗebo mata.